Muhawara: Guguwa ce ke tsadar da inshorar gida a Fulorida, ko lauyoyi da 'yan kwangila?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga matsayina ba tare da kwana-kwana ba: ba guguwa ba ce ta sa inshorar gida ta gagari mutane a jihar Fulorida ta Amurka, shari'a ce. Alƙaluman 2019 da hukumar inshorar jihar ta fitar sun nuna cewa kusan kashi 8 cikin ɗari na buƙatun diyyar gida a duk Amurka ne suka fito daga Fulorida, amma kusan kashi 76 cikin ɗari na ƙararrakin da aka kai kamfanonin inshorar gida a can aka shigar da su. Ga yadda ake yi a wancan lokaci. Ɗan kwangila ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce zai duba rufi kyauta, ya sauko ya ce iska ta ɗaga fale-falen rufin. Ya miƙa takarda, mai gida ya sa hannu cewa ya sallama masa haƙƙin karɓar diyya. Ga kuma ƙa'idar gini ta lokacin da ta ce in gyara ya haura kashi 25 na rufi, a sake shi gaba ɗaya. Kamfani ya ƙi biya, a tafi kotu. In mai ƙara ya yi nasara kamfani ne zai biya lauyansa, in ya faɗi ba ya biyan lauyan kamfani. Wa zai ƙi shigar da ƙara a haka?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, alƙalumanka daidai ne, amma ka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. A watan Disambar 2022 majalisar jihar ta soke dokar kuɗin lauya ɗin nan, ta kuma hana sallama haƙƙin diyya a sabbin yarjejeniyoyi. Farashi ya lafa, amma bai koma inda yake ba. Sannan ka dubi jihar Luwiziyana. Guguwar Laura ta faɗa mata a 2020, Ida ta biyo a 2021, kamfanoni kusan goma sha biyu suka durƙushe, waɗanda suka rage suka ƙara kuɗi. Ba sallama haƙƙin diyya ce ta kayar da su ba.

Abin da mai gida ba ya gani shi ne, kamfanin ma inshora yake saya wa kansa. Gobara gida ɗaya ko biyu take ci, sai a biya daga kuɗin sauran. Guguwa kuwa gidaje dubbai take taɓawa a yini ɗaya, kuma da yawansu abokan hulɗar kamfani ɗaya ne. Shi ya sa dole ya sayi kariya daga manyan kamfanonin duniya, wadda za ta ishe shi ko da an yi irin guguwar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara ɗari. Yawancin kamfanonin Fulorida ƙanana ne, a ranar 1 ga Yuni suke sabunta wannan kariya. Bayan guguwar Ian ta Satumbar 2022, wadda aka kiyasta asarar da inshora ta ɗauka a kanta ta kai dala biliyan 50 ko fiye, manyan kamfanonin sun tsawwala farashi a 2023, suka kuma ɗaga matakin asarar da sai an kai shi suke fara biya. Wannan kuɗi a wuyan mai gida yake ƙarewa.

Malam Habu: Na yarda da batun Luwiziyana, Hajiya. Amma su manyan kamfanonin da suke yanka wa Fulorida farashi, ai har da tsoron kotu suke sawa a lissafi. Kuma bayan gyaran doka sabbin kamfanoni sun shigo jihar. Wannan shaida ce a gare ni.

Malam Tukur: Ku duka biyun kun bar abu ɗaya a baya. A 1990 mutanen Fulorida kusan miliyan 13 ne, a 2020 sun haura miliyan 21, kuma da yawansu a bakin teku suka gina. Ko da ƙarfin guguwa bai ƙaru ba, abin da za ta tarar a hanyarta ya ƙaru, kuɗin katako da na leburan gini ma sun tashi tun 2020. Inshora kuɗin sake gina gida take biya, ba kuɗin da aka saye shi ba. Ni damuwata ma ita ce farashin bai kai gaskiyar haɗarin ba a wasu wurare. Kamfanin gwamnatin jihar, Citizens, wanda aka kafa a 2002 don waɗanda kowa ya ƙi, doka ta ƙayyade yawan ƙarin da zai yi a shekara. A 2023 yarjejeniyoyinsa sun kai kusan miliyan 1.4. In babbar guguwa ta cinye asusunsa, doka ta ba shi damar ɗora ƙarin caji har a kan masu inshorar da ba abokan hulɗarsa ba. Wanda ke zaune nesa da teku ke nan yana taya na bakin teku ɗaukar kaya.

Injiniya Sani: Bari in sauko da maganar kan rufin kansa, don nan ne mai gida ke da ta cewa. Matsin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Daga mil 100 a awa zuwa mil 140, ƙarin gudu kashi 40 ne, amma matsin kusan ninki biyu yake zama. Kuma iska ba danna rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama, musamman a kusurwoyi da gefuna. Da zarar allon katako ɗaya ya tashi, ruwan sama ya samu hanya, silin ya jiƙa ya rufto, kayan ɗaki su lalace. Ɓarnar allo ɗaya ta zama ta gida duka.

Fulorida tana da takardar binciken juriyar iska, mai aiki na shekara biyar, kuma doka ta wajabta wa kamfani yin rangwame a kan abin da ke cikinta. Mai bincike zai shiga saman silin da fitila da awo. Zai duba ƙusoshin da suka riƙe allunan rufi: masu tsawon inci biyu da rabi, tazarar inci 6, sun fi gajeru ko waya mai ƙafa biyu da aka yi amfani da ita a tsofaffin gidaje. Zai duba yadda aka haɗa rafta da bango. In ƙusa ce kawai aka buga a karkace, wannan shi ne mataki mafi rauni. In ƙarfen ɗauri ne, sai yana da ƙusa uku aƙalla kafin a lissafa shi. Gidaje da yawa suna da ƙarfen amma ƙusa biyu aka buga, sai rangwame ya kuɓuce saboda ƙusa guda a kowace rafta, alhali kafinta zai iya ƙarawa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu samun rangwame, don ba shi da faffaɗan goshin da iska za ta doka.

Sai ƙofofi da tagogi, kuma a nan ake yawan asara. Gilashin da aka amince da shi sai ya jure katako mai nauyin laba 9 da aka harba masa da gudun ƙafa 50 a daƙiƙa. Mutum ya kashe kuɗi ya kare tagogi goma, ya bar ƙaramar tagar banɗaki, sai a lissafa gidan da matakin wannan taga ɗaya. Ƙofar gareji ma abin kula ce ƙwarai: in ta lotsa, iska ta cika gidan, tana tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke jan sa.

Hajiya Rabi: Injiniya, wannan ya ƙarfafa maganata. Da shari'a ce kaɗai, da gidan da aka gina bayan ƙa'idar gini ta 2002 bai fi na 1980 arhar inshora ba. Kamfani haɗarin iska yake aunawa. Jihar Alabama ma ta bi wannan hanya, tana ba da tallafin da ya kai dala 10,000 don a yi rufi bisa ma'aunin FORTIFIED, mai ƙusoshi masu zobe da liƙe haɗin alluna don kada ruwa ya shiga ko fale-fale sun tashi.

Barista Hauwa: Malam Habu, ina da ja a kan ɗora wa masu ƙara laifi duka. Akwai ƙararrakin banza, babu musu, amma akwai kuma waɗanda aka yi wa ƙwauron diyya. Yanzu da aka soke dokar kuɗin lauya, wanda aka rage wa dala 15,000 sai ya yi lissafi ko kuɗin lauya ba zai cinye abin da zai samu ba.

Kuma tsadar ba a kuɗin shekara kaɗai take ba, an mayar da wani sashe nata cikin takarda. A ce an yi wa gida inshorar dala 400,000. Kason da mai gida ke ɗauka kafin kamfani ya fara biyan ɓarnar guguwa, in kashi 2 ne, dala 8,000 ke nan, in kashi 5 ne, 20,000. Daga darajar inshorar ake lissafa shi, ba daga yawan ɓarnar ba. A ce sabon rufi zai ci 24,000. Mai kashi 5 zai karɓi 4,000 kacal. Mai kashi 2 kuma, in takardarsa ta ce darajar rufi ta yanzu za a biya ba kuɗin sabo ba, ga abin da zai faru: rufin da aka ƙiyasta zai yi shekara 20 ya yi 12, an cire kashi 60, saura 9,600, a cire 8,000, ya tashi da 1,600. Mutum yana ganin ya samu sauƙi ranar sa hannu, sai ranar da rufi ya tafi ya gane.

Malam Tukur: Barista, ki taɓo batun ruwa, don shi ya fi cutar da mutane a guguwar Katrina ta 2005.

Barista Hauwa: Haka ne, Malam. Inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska, da ruwan saman da ya shiga ta inda iska ta fasa. Ruwan da ya taso daga ƙasa, har da wanda guguwa ta tunkuɗo daga teku, ba ya ciki. Wannan sai an sayi inshorar ambaliya daban, galibi daga shirin gwamnatin tarayya na NFIP, wanda iyakarsa dala 250,000 ce ga gini da 100,000 ga kayan ciki. Shi ya sa bayan guguwa, kafin a fara shara, a ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a bango da na rufi, don a kansu za a yi jayayyar wane ne ya yi wace ɓarna.

Malam Habu: To, na sassauta: ba shari'a kaɗai ba ce. Amma ina nan a kan cewa ita ta bambanta Fulorida da sauran jihohin bakin teku kafin 2022. Injiniya, wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, da me zai fara?

Injiniya Sani: Ya fara da binciken, don ya san abin da ke saman silin ɗinsa. In rufin ya kusa canji, ya jira ranar da aka cire fale-falen, a ƙara ƙusoshi a liƙe haɗin alluna a lokacin, domin ranar ce kaɗai allunan suke a buɗe. Ya kuma gama komai kafin 1 ga Yuni, farkon lokacin guguwa. Kamfanoni suna dakatar da sabon rajista da canjin yarjejeniya da zarar an fitar da gargaɗin guguwa, ita kuma inshorar NFIP a ƙa'ida sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki.