Neman shawara: yaya zan tsara jadawalin masu gudanar da wasan Mafiya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kan wata matsala da ke neman raba kan rukuninmu. Mukan buga wasan Mafiya a rubuce ta intanet, wanda ake raba mutane gida biyu: 'yan Mafiya ƙalilan da suka san junansu, da 'yan gari da ba su san ko su wane ne ba. Da dare 'yan Mafiya su fitar da mutum ɗaya a ɓoye, da rana a yi muhawara a jefa ƙuri'a kan wanda ake zargi. Wasan ba ya yiwuwa sai da mai gudanarwa. Shi ke raba matsayi, shi ke karɓar saƙonnin sirri, shi ke ƙirga ƙuri'a, kuma ba ya cikin masu bugawa.

To, ba mu da tsari ko kaɗan. Kowa ya ga dama sai ya buɗe rajista. Wani lokaci mutum biyu su buɗe a mako ɗaya, 'yan wasa su rabu, kowanne ya kasa cika. Wani lokaci kuma a yi wata guda shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani mai gudanarwa da ya fara wasa, ana dare na biyu ya ɓace. Babu wanda ya san waye likita (ɗan gari mai kare mutum ɗaya da dare), waye ɗan sanda (ɗan gari mai bincikar ko wani ɗan Mafiya ne), haka wasan ya mutu bayan mutane sun ɓata kwanaki suna tafka muhawara. Yanzu ni aka ɗora wa fitar da jadawali. In raba wa kowa rana ne tun daga farkon shekara, ko akwai wata hanya?

Dattijon rukuni:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka raba komai, fara sanin tsawon wasa ɗaya. Ɗauki mutum 12, uku 'yan Mafiya, tara 'yan gari, domin galibi ana sa ɗan Mafiya ɗaya a cikin kowane mutum huɗu. Idan rana a cikin wasan awa 48 ce, dare awa 24, zagaye ɗaya ya ci kwana uku, kuma kowane zagaye yakan tafi da mutum biyu. In ka lissafa, wasan zai ƙare tsakanin kwana 8 zuwa 15, sai fa in likita ya ceci wani ya ƙara ja. Ƙara kwanakin rajista da ɗan hutu, ka ga kowane mai gudanarwa yana buƙatar mako uku. A shekara gurbi 17 ke nan.

Amma kada ka sa ranaku. Ba wanda ya san ranar da wasa zai ƙare, kuma da zarar ɗaya ya zarce, duk na bayansa sun rikice. Yi layi kawai. Na farko yana gudanarwa, na biyu ya buɗe rajista idan wasan da ake yi ya rage mutum biyar ko shida. Ta haka waɗanda aka fitar da wuri suna da abin jira, ba za su watse ba.

Maman 'yan biyu:
Baba, ka yi haƙuri, ni ban gamsu da layi zalla ba. Mai aiki ko ɗalibi yana son ya san aƙalla watan da za a kira shi. Gudanar da wasa ba ƙaramin aiki ba ne, dole kana nan daidai lokacin rufe ƙuri'a. A rubuta wata a gaban kowane suna a matsayin hasashe, kuma a yarda mutum biyu su yi musayar gurbi in sun amince, su sanar a fili.

Dattijon rukuni:
Wannan gaskiya ne 'yata, na karɓa. Sai dai wanda aka kira bai amsa ba cikin kwana uku a tsallake shi. Ya sake yi, ya koma ƙarshen layi.

Tsohuwar mai gudanarwa:
Yayana, ni maganar wanda ya ɓace ce ta tsaya mini, don ita ce ke kashe rukuni. Jadawali duk kyansa ba zai hana rashin lafiya ko yankewar intanet ba. Ka sa doka ɗaya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa: ba a fara wasa sai mai gudanarwa ya kawo mataimaki, ya kuma ba shi cikakken jerin matsayi tun kafin dare na farko. Su buɗe takarda ɗaya a Google Sheets su biyu kaɗai, layi ɗaya ga kowane ɗan wasa: sunansa, matsayinsa, wanda ya zaɓa a dare na ɗaya, na biyu, har ranar da aka fitar da shi. In mai gudanarwa ya yi awa 24 ba a ji shi ba, mataimaki ya ɗora daga inda aka tsaya, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Akwai wata riba kuma. Sabon shiga ya fara da mataimaki kafin a sa shi a layi, zai ga yadda ake warware rikicin dare, misali likita ya kare mutumin da 'yan Mafiya suka nufa. Kuma rabon matsayi a bar wa Random.org, shafin intanet da ke zaɓe bisa sa'a, don kada a ce wani yana fifita abokansa.

Ɗan autan rukuni:
Yaya, a kula da lokaci ma. Tun da Dmitry Davidoff ya ƙirƙiro wasan a Jami'ar Mosko a 1986, na zama wuri ɗaya ne, kowa na kallon kowa. Mu kuwa wasu suna wata ƙasa. A rubuta lokacin rufe ƙuri'a da agogon GMT, kuma kada ya canza har wasa ya ƙare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan yi layi da hasashen wata, dokar mataimaki kuwa ita zan sa a sama. Saura abu ɗaya Baba: wanda ya bar mu a tsakiyar wasa ya dawo ya ba da haƙuri, yana son gurbi. Yaya zan yi da shi?

Dattijon rukuni:
Kada ka kore shi, ba ka san abin da ya same shi ba. Ya yi mataimaki a wasa na gaba, in ya kai ƙarshe ka sa sunansa a layi kamar kowa.