Wa bikin Santa Agata ya taɓa riska a Catania?

Baƙon Sisili: Salamu alaikum 'yan'uwa. Watana uku ke nan a Catania, wani birni a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Kullum ina wuce babban cocin Santa Agata, a dandalin nan mai giwar baƙin dutse, kuma kowa sai zancen bikinta yake, 3 zuwa 5 ga Fabrairu. Wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Maman Hannatu: Ƙanena, ni Kirista ce, sau biyu ina zuwa addu'ar asuba ta ran 4 ga wata. Tun cikin dare cocin ya cika maƙil. Maza sanye da farar riga da baƙar hula, suna kaɗa fararen ƙyallaye, suna kiran sunanta. Da aka fito da mutum-mutuminta, wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta damƙe hannuna tana kuka, ni ma sai hawaye. Ita Agata budurwa ce 'yar Sisili, an azabtar da ita har ta mutu a 251 don ta ƙi barin addininta. Ba ta fita raina ba har yau.

Mai Tireda: Ni dai kallo na je, ba ibada ba. Amma ka kula da ƙafarka. Mutane na saɓa kyandir a kafaɗa, wani ya kai tsayin mutum, kaki na ɗiga a titi. Ko da an barbaɗa garin katako, santsi na nan. A titin Etnea na zame, sai da na yi mako ina ɗingishi.

Ɗan Magini: Ni ginin ne ya tsaya min a rai. Girgizar ƙasar 1693 ta rushe kusan duka tsohon cocin. Fuskar da kake gani yanzu, mai ginshiƙai hawa-hawa, aikin mai tsara gini Vaccarini ce, salon da suke kira Barok. Ka zagaya ta baya: ɓangaren zamanin Normawa, waɗanda suka mulki Sisili a da, na nan tsaye, da baƙin dutsen da Etna, dutse mai aman wuta, ya amayar. Na shafa shi da hannuna, kaushinsa daban ne da na gaba. Kabarin Bellini mai kiɗa ma yana ciki.

Maman Hannatu: Ran 3 da dare akwai wasan wuta a dandalin. Ka je tun la'asar, in ba haka ba ko giwar ba za ka hango ba.

Baƙon Sisili: Na gode, Mama. Takalmi mai kaushin ƙasa zan nema tukuna.