Neman shawara: binciken digirina na uku ya tsaya, waɗanda nake nema suna guduna

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ina shekara ta biyu a digiri na uku, fannin lafiyar al'umma, a wata jami'a da ke lardin Ontario a Kanada. Kuɗin karatuna daga aikin malamar da ke duba ni yake fitowa, aikin kuwa a kan lafiyar masu neman mafaka ne da suka baro ƙasashensu saboda neman jinsi ko sauya jinsi. Ni aka ba ɓangaren Afirka ta Yamma, wai don ina jin Hausa da Faransanci. Hira 25 ake so, yau wata biyar 3 kacal na samu. Wanda ya fi tsaya min a rai wani saurayi ne. Mun zauna muna gaisawa da Turanci sai ƙanwata ta kira, na ce mata "bari zan kira ki anjima". Yana jin Hausa ya miƙe wai zai zagaya bayi, har yau ban sake sa shi a ido ba. Yaya zan yi su yarda da ni? Wace kalma zan sa a takardar tambayoyi ta Hausa? Kuma ina da niyyar komawa gida Najeriya koyarwa, ga Baba kullum sai ya tambayi a kan me nake bincike.

Likita a Toronto: Wa alaikumus salam ƙanwata. Guduwar yaron nan ki rubuta ta a littafin aikinki, ita ma sakamako ce, don abin da muke gani a asibiti ke nan. Gwamnatin tarayya tana da shirin IFHP da ke biya wa mai neman mafaka kuɗin ganin likita tun kafin ya samu katin lafiya na lardi. Takardar tana aljihunsa, amma ba zai zo ba in ya san tafinta ɗan garinsu ne, ko mai rubuta suna a bakin ƙofa masallacinsu ɗaya. Ɗakin da yake kwana da aikin da yake ɗan taɓawa duk ta hannun 'yan ƙasarsu ya samu, asirinsa na tonuwa ya rasa duka, ga sanyin Janairu. A haka gwajin HIV ke jinkiri, maganin kariya daga HIV da ake kira PrEP ba a ma zancensa, sai rashin barci da hawan jini a ƙuruciya. Ki koma kan bayanin da Ilan Meyer ya yi a 2003 game da damuwar da ɓoyo da tsammanin tsangwama ke tara wa mutum, zai ba ki inda za ki rataya wannan. Shawarata, tun a takardar gayyata ki ba su zaɓi: da ke, ko da abokiyar aikinki wadda ba ta da alaƙa da yankinmu. Wasu kuma ta waya za su fi sakin jiki.

Wani dattijo a Jidda: 'Yata, ni dai gaskiya ɗaya zan faɗa miki. Hukuncin wannan abu a addini ba ɓoyayye ba ne, kuma mutanenmu ba sa bambance mai bincike da mai goyon baya. Ki roƙi malamarki ta sauya miki ɓangare, ga lafiyar mata masu ciki cikin 'yan gudun hijira nan, ga yara. Allah ya yi miki zaɓin alheri.

Ma'aikaciyar jinya a Ottawa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, damuwarka a kan sunanta gaskiya ce. Amma mu a gadon asibiti ba ma tambayar mara lafiya abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa kafin mu ɗaura masa ruwa. Ita ma ciwo take ƙirgawa.

Lauya mai aikin shige da fice: 'Yar uwa, akwai abin da ba a taɓo ba. Yawancinsu shari'arsu tana gaban hukumar da ke sauraron masu neman mafaka, kuma a can gaskatuwar labarin mutum ita ce kusan komai. Tun 2017 hukumar ta fitar da ƙa'ida ta 9 don irin waɗannan ƙararraki, duk da haka mutum na tsoron kada abin da ya faɗa miki ya saɓa da abin da ya rubuta a fom, ko da kwanan wata ne ya kuskure. Ki faɗa musu da baki, ba a takarda kawai ba, cewa hirarki ba za ta taimaki shari'arsu ba kuma ba za ta je gaban hukumar ba. Kada ki tambayi yadda suka shigo ƙasar in ba ki buƙata. Abin da ba ki ajiye ba, ba mai ƙwace shi: a 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi faifan hirarrakin da jami'ar Boston College ta Amurka ta yi da tsoffin mayaƙan Ireland ta Arewa, kotun Amurka ta sa aka miƙa wasu, alhali an yi wa mutanen alƙawarin sirri. Ki roƙi kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da yarda ta baki maimakon sa hannu, ki goge murya da zarar kin rubuta, ki cire sunan gari da sana'a. "Tela daga Zinder mai shekara 27 a Toronto" ai suna ne.

Batun komawa gida kuwa, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 kan kafa ko tallafa wa ƙungiyoyinsu. Ki zauna da lauyan Najeriya kafin ki wallafa komai. Kundinki zai hau intanet da sunanki, amma kina iya neman jami'a ta jinkirta sakinsa, kuma ki yi tunani sosai kan takensa.

Malamin harshe a Kano: Dakta mai jiran gado, a kan kalma kada ki yi gaggawa. "Ɗan luwaɗi" da "'yar maɗigo" zagi ne a kunnen wanda aka kora da su. "Ɗan daudu" kuma ba daidai yake da abin da Turawa ke nufi da mai sauya jinsi ba, da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a nan Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna a tsakaninsu "harka" suke cewa, "masu harka". Amma kada ke ki fara furta ta, sai su zaci wani ne ya turo ki. Ki buɗe da "me kake so in kira ka da shi?", ki riƙe kalmar da ya ba ki har ƙarshen hirar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Alhaji na ji maganarka, zan yi istihara. Na rubuta wa malamata kan ba da zaɓin mai hira da yarda ta baki, ta ce sai mun mayar da takardun gaban kwamiti, wata guda ko fiye. Shi kuwa mahaifina, na ce masa lafiyar 'yan gudun hijira nake bincike, ya ce Allah ya taimaka. Barista, don Allah duba akwatin saƙonka, akwai hira ɗaya cikin ukun nan da na riga na rubuta sunan garin mutumin a ciki.