Neman shawara: na'urar sawa a kai ta ƙi yi mana amfani wajen horar da sabbin makanikai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza, kaina ya ɗaure. Ni ke kula da horar da sabbin makanikai a wata masana'antar cika kwalabe. Wata huɗu ke nan da aka sayo mana ƙananan kwamfutoci shida, irin waɗanda ake maƙalawa a jikin hular kwano, da ɗan allo a gaban ido ɗaya, ana ba su umarni da murya. Ni na kawo shawarar, na yi wata biyu ina rubuta takardu kafin a amince, har aka soke sayen wasu kayan aiki saboda su. Na zuba littafin gyara gaba ɗaya a ciki, PDF ne mai shafi 60. Canza boris na injin jan kwalabe mataki 38 ne. Yanzu yaran suna kukan ciwon kai, na'urar ba ta jin umarni sai an maimaita, batir ba ya kai ƙarshen aiki, kuma sun fi daɗewa fiye da lokacin takarda. Saura mako uku in kai rahoto.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi sunan na'urar ba, ba ka faɗi ƙarfin ƙarar wurin ba. Amma babbar matsalarka PDF ɗin nan ce. Allon irin waɗannan na'urori ido na ganinsa kamar kwamfutar hannu mai inci bakwai a nisan hannu, to shafin takarda ba ya karantuwa sai an yi ta girmama shi ana juya kai. Rabin ciwon kan ke nan. Ka warware matakan: allo ɗaya, aiki ɗaya, hoto ɗaya, rubutu kada ya wuce layi biyu. Lambar sifana da ƙarfin ɗaure noti su fito da manyan baƙaƙe. Sauran rabin kuma ido ne. Kowa ya yi zobe da yatsunsa, ya miƙa hannu, ya kalli abu mai nisa ta ciki, ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gusa ba lokacin da shi kaɗai ke buɗe, nan za a sa allon, ƙasa da layin kallo, ana leƙawa ana komawa kan aiki. Ranar farko minti 20 kawai.

Mai tambaya: Injiniya, littafin daga masu ƙera injin ya fito, ba ni da hurumin taɓa shi. Idan wani abu ya lalace ni za a kama.

Injiniya: Wa ya ce ka canza abin da ke ciki? Yanka shi za ka yi, shugaban sashen gyara ya duba ya sa hannu.

Baba mai lantarki: Ɗana, ka mayar da su kwali ka sayi kwamfutar hannu mai kauri. Kamfanonin nan ba su da riƙo. Google ta daina sayar da Glass, tabaraunta mai kwamfuta na masana'antu, a Maris 2023, ta janye tallafi a Satumba. Microsoft ta daina ƙera nata tabaraun, HoloLens 2, a 2024, gyaran tsaron manhajarsa zai tsaya ƙarshen 2027. Kullum masu ofis ke zaɓen kaya, mu na ƙasa a bar mu da wahala. Sannan allo a ido kusa da bel mai gudu? Haba.

Injiniya: Baba, ranka ya daɗe, wanda hannunsa biyu ke cikin girisi da safar hannu, da me zai taɓa kwamfutar hannun? Bel kuma ba ya gudu lokacin gyara. Matakin farko shi ne kashe wuta da kulle makunnin da kwaɗo, a saita na'urar kada ta wuce sai an ɗauki hoton kwaɗon. Batun murya: a auna ƙarar wurin tukuna. Misali, na'urar sawa a kai ta RealWear Navigator 500 an yi ta don ƙara har desibel 100, ba kowace ce ke kai haka ba. Makirufo ya fuskanci baki, umarni ya zama kalma biyu ko uku, kalma ɗaya gajeriya ɓacewa take cikin ƙarar inji. Batir kuwa bidiyo da hasken allo ke cinye shi, sai neman wayifai tsakanin ƙarafa. A sauke matakan cikin na'urar, a kashe kyamara sai wurin hoto, kowace na'ura da batir biyu.

Malama mai horarwa: Ban yarda da Injiniya gaba ɗaya ba. Idan ka gyara allon za su yi sauri, amma wanda ake karanta wa mataki a ido bin umarni yake, bai koya ba. Tsarin TWI, na horar da ma'aikata a wurin aiki, da aka fito da shi a Amurka a 1940 mataki huɗu ne: shirya mai koyo, nuna masa, ya gwada yana faɗin dalili, sannan bibiya. Na'urar a na uku take da amfani. Sau biyu da cikakkun matakai, sau biyu da hotuna kawai, bayan mako guda ya yi ba na'ura kana ƙirga kurakurai. Wannan adadin ya kamata ya shiga rahotonka, ba minti ba.

Mai tambaya: Malama, minti shugabanni suka nema. Kuma tsofaffin makanikai biyu ne kacal, ba su da lokacin nunawa, shi ya sa ma aka sayi na'urorin.

Wani memba: Haka suke ko'ina, a rage ma'aikata a ce na'ura za ta cike gurbi. Ka haɗa kiran bidiyo kawai, tsohon makanike ya zauna yana kallon yara uku lokaci guda.

Injiniya: Da wane batir, da wane wayifai? Malam, ka ɗauki aiki ɗaya, yara biyu, ka gyara mataki 38 ɗin nan cikin kwana uku. Har yanzu ba ka faɗi sunan na'urar ba.

Mai tambaya: Kwalayen suna sito, sai na duba gobe. Amma ni dai ina ganin wayifai ne, don ranar da masu sayarwa suka gwada a ofis lafiya lau ta yi.