Wuƙar da na ƙera da sifirin mota ta tsage da na tsoma ta a ruwa, ina na kuskure?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ba maƙeri bane kuma ba gado nayi ba, aikin ofis nake a Kaduna, amma kusan shekara guda kenan ƙirar wuƙa ta shiga raina, duk Asabar da Lahadi ina bayan gida ina ɗan taɓawa. Na sayo tsohon sifirin mota a Panteka, na haɗa murhu da bulo, abin busar da gashi nake sawa a madadin zuga-zugi. Sati uku ina kan wuƙa ɗaya wadda nake so in baiwa mahaifina kafin babbar Sallah ya yi layya da ita, na buge ta, na goge ta da magagari har bakin ya yi siriri sosai, jiya na sa ta a wuta ta yi jawur na tsoma a bokitin ruwa sai kawai naji ƙas. Da na duba ta tsage wuri biyu daga baki zuwa tsakiya. Wlh abin ya min ciwo. Dan Allah masana ƙarfen ne bashi da kyau ko ni ne?

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, duk wanda ya riƙe awartaki ya taɓa jin wannan ƙarar. Mu a gidanmu a Kano ƙira gado ce kuma har gobe da sifirin mota ake yin adda da wuƙar mahauta, daga Ƙofar Ruwa ake sayowa, saboda haka kar ka yi saurin ɗorawa ƙarfen laifi. Abu biyu na gani a bayaninka. Ruwa ya yi masa ƙarfi, sanyin yana shigarsa farat ɗaya, bakin da yake siriri ya ƙame kafin bayan ya biyo shi, dole ya tsage. Sannan ka wasa bakin tun kafin wuta, ai ba a haka, ana barin masa ɗan kauri kamar na kwabo sai an gama da wuta tukunna a fitar da kaifi. Kuma ka nemi gawayin ƙirya, shi tsofaffinmu suke amfani dashi don yana riƙe wuta baya saurin zama toka, itacen nasa ma yana yin ƙota mai ƙwari.

Injiniya Bichi:
Gaskiya Ɗan Maƙera ya faɗa, bari in ƙara da lissafi don ni ma sha'awa ce ta kawo ni harkar. Yawancin sifirin mota ƙarfe ne irin wanda ake kira 5160 ko danginsa, kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyam a ciki, kuma asali a mai ake tsoma shi ba ruwa ba. Bayan ka gama bugu ka gasa shi ya yi ja ka barshi ya huce a iska da kansa, sau biyu ko uku, wannan ke kwantar da wahalar da guduma ta bashi. Ranar tsomawa ka ajiye maganaɗisu kusa, ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, in ya daina sai ka ƙara masa zafi kaɗan ya kai kamar 830 sannan ka tsoma a tsaye cikin man gyaɗa mai ɗumi kana ɗaga shi sama da ƙasa, kar ka kaɗa shi gefe da gefe zai karkace. Ka yi da magariba ko a inuwa don a rana tsaka ido baya ganin ainihin launin wutar, inaga ma abin da ya same ka kenan, ka wuce da zafi baka sani ba. In ya huce ka goga magagari a bakin, idan ya zame bai ci ba to ya yi tauri.

Amma fa a nan kamar gilashi yake, ko ƙasa ya faɗi zai iya karyewa, don haka a ranar ka sa shi a oben ɗin girki digiri 200 na awa biyu, ya huce, ka sake awa biyu. Zaka ga ya yi launin ruwan zuma. Baƙin man inji kuma ka rabu dashi, hayaƙinsa guba ne, kuma ka ajiye murfin ƙarfe kusa da gwangwanin man don man yana iya kamawa da wuta.

Maman Hanifa:
Ni ba ƙira nake ba, mai saye ce, ina sana'ar abinci kuma wuƙa kullum tana hannuna. Roƙona ga masu yi ku dinga kula da mariƙi don Allah. Na sayi wata ta hannu mai kyan gani da ƙahon sa a jiki, kaifi kam ba magana, amma wata biyu ruwa ya shiga tsakanin ƙahon da ƙarfen ta fara girgiɗi tana tsatsa ta ciki. Kuma ku dinga gayawa mutane irin wannan ƙarfen yana tsatsa, ana wankewa a goge a shafa mai, ni ba wanda ya gaya min.

Injiniya Bichi:
Hajiya wannan magana taki tana da muhimmanci. Maganinsa ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe, a sa gam mai ƙarfi irin na haɗi biyu ya toshe ko'ina, a ɗaure da ƙusoshin tagulla. Kuma Abban Sadik tunda na san inda sha'awar nan take kai mutum, kar ka yi gaggawar shiga wuƙa mai zanen ruwa da ake cewa Damaskas. Wani maƙeri Bill Moran ne ya farfaɗo da ita a Amurka a 1973, sannan a 1976 shi da wasu suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta ƙasar, amma ka dubi jarrabawar da suke yiwa mai neman shaidarsu: wuƙarka ta datse igiya a rataye da sara ɗaya, ta sare katako sau biyu, bayan nan ta aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa ta digiri 90 bata karye ba. Duk wannan aikin wuta ne, shi zaka fara ƙwarewa a kai.

Ɗan Maƙera:
Injiniya wuri ɗaya zan ɗan ja. Tsohon sifirin mota wani lokaci da tsagarsa a ɓoye yake zuwa saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya a hanya, ko ka bi duk lissafin nan zai iya baka kunya. Ya yanki ɗan guntu ya gwada tukunna, ya tsoma a mai ya karya shi ya duba cikin, in ya ga laushi kamar garin toka to zafin ya yi daidai, in ya ga tsaki-tsaki kamar yashi wutar ta yi yawa.

Abban Sadik:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tabbas da azahar nayi kuma bakin ya kai siririn reza. Akwai ragowar sifirin da zai yi wuƙa biyu, gobe in sha Allah zan yanki guntu uku in gwada kamar yadda Ɗan Maƙera ya ce. Kube kuma akwai wani baduku a unguwarmu da na riga na yiwa magana. Injiniya oben ɗinmu na gas ne bashi da ma'aunin zafi, in na binne wuƙar a tiren yashi na sa a ciki zai taimaka, ko sai na sayi ma'auni?