Kuɗin asusu: tafiya Yawunde ko jinyar ɗan'uwa?

Baban Hajara: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da asusun magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport na unguwarmu a Garwa, ƙasar Kamaru. Mun tara jaka ɗari da ashirin don mu bi ƙungiya wasan Yawunde, sai ga mai buga mana ganga ya faɗi da babur, ƙafa ta karye. Wasu sun ce a ba shi kuɗin, wasu sun ce yanzu da ƙungiya ke tangal-tangal ne ya kamata 'yan wasa su gan mu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Ɗan Rumde: Ku bi jirgin ƙasa daga Ngaundare, da yamma yake tashi, ku wayi gari a can. Jaka goma ne.

Mai Shayi: Jaka goma a ina? Ni sha bakwai na biya, ban da kuɗin mota daga Garwa.

Ɗan Rumde: Kai kujerar manya ka zauna.

Kawu Sale: Ku bar zancen kuɗin jirgi. Na taɓa bin yaran nan kudu, aka yanke mini aljihu a tasha. Waɗanda muka fito unguwa ɗaya da su, muka ci a kwano ɗaya, suka ce kowa ta kansa yake yi, suka shige filin wasa suka bar ni a ƙofa. Ranar kuma aka ci mu. Wasu samari 'yan Marwa ne, ban taɓa ganinsu ba, suka hango rigata ta ƙungiya mai kore da fari, suka saya mini abinci, suka yi karo-karo na dawo gida. Har yau muna zumunci, na je sunan ɗan ɗayansu. Na unguwarmu kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don Allah. Abin yana nan a raina.

Maman Abba: Allah sarki, Kawu. Allah Ya saka wa yaran nan da alheri.

Ɗan Rumde: Kawu, wannan tsohon labari ne, yanzu kuɗi a waya suke.

Kawu Sale: Yaro, ina cikin filin Rumde Ajiya a 2008 ranar da ƙungiyar Al Ahly ta Masar ta ɗauke kofin Afirka a gabanmu. Sun ci mu 2-0 a Alƙahira, muka yi 2-2 a gida. Manya da gemu suna hawaye, amma muka tsaya muna tafa wa yaranmu. Kai kana ina lokacin?

Ɗan Rumde: Shekaru ba su ne sanin ƙwallo ba, Kawu. Mu ne muke shiga rana kowane wasa yanzu.

Maman Abba: Mu mata ba a tambayarmu, alhali mu ke wanke rigunan. Maigidana bai ci tuwo ba daren da Al Ahly ta sake fitar da mu da bugun fanareti a 2013. Washegari gidanmu ya cika da abokansa kamar ana zaman makoki, daga nan suka kafa adashen da suke yi har yau.

Mai Shayi: A kai mai gangar Yawunde da karyayyar ƙafarsa, ya fi wasu 'yan bayanmu gudu!

Baban Hajara: Jama'a, mutum yana kwance. Amsa nake nema.

Ɗan Rumde: In ba ku je ba ma ina za ku kalla? Madatsar Lagdo tana nan kusa da mu, amma da an take wasa sai wuta ta ɗauke.

Mai Shayi: Gidan kallon layinmu ya ƙara kuɗi, wai man janareta. Dala arba'in yanzu.

Kawu Sale: Arba'in? Mu hamsin ake karɓa, kuma janaretan kan mutu kafin hutun rabin lokaci. Wa za a kai wa kuka?