Launi daga ƙasa: musayar waƙa

Mai Alli:
Ga tambaya gare ku, masu zane,
Launin da ke hannunku na ina ne?
In na ƙasa ne, ku ce mana yaya ne
Ake fid da shi har ya zauna a zane?

Malam Mai Niƙa:
Ɗan'uwa, ɗebi jar ƙasa ka shanya,
Ka daka, ka tankaɗe ta a rariya,
Zuba a kwalbar ruwa, girgiza gaba ɗaya,
Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya,
Ruwan da ke bisa yashin shi ne dukiya.

Tsiyaye shi a wata kwalba ya kwana,
Gobe ka tarar laka mai laushi ta zauna,
Zubar da ruwan, ka baza ta a rana.
Yashi in ya tsira, aiki sai ɓarna,
Ya karce takarda tun ba ka gama zana.

Yaya Mai Ƙaro:
Malam, garin kaɗai ba zai kama ba,
Ya bushe, ka shafa, ba ka ga komai ba.
Ƙaro awo ɗaya, ruwan ɗumi awo biyu,
Bar shi ya narke, kwana ɗaya ko biyu.
A tace da ƙyalle, a ɗiga zuma kaɗan,
Ita ke hana tsagewa, amma fa kaɗan:
Zuma ta yi yawa, fenti ba ya bushewa,
Ƙaro ya yi yawa, sai ƙyalli da darewa.
Man kanumfari ɗigo guda ka sa,
Kar funfuna ta cinye shi har ƙasa.

Mai Alli:
To in rawaya aka samu, ana son ja fa?

Malam Mai Niƙa:
Gasa ta, wajen digiri 300 ya isa,
Tsatsar ƙarfe ce launin da ke ƙasa,
Ruwan cikinta ya fita, ja ya taso bisa.

Baba Mai Tarihi:
'Ya'yana, sana'ar ta girmi rubutu,
Kogon Lasko a Faransa shaida ne:
Dawaki da shanu da jar ƙasa a dutse,
Shekara wajen 17,000 suna zane.
A 1940 samari suka gano shi,
Jama'a suka yi ca, kowa ɗoki ne.
Numfashin baƙi ya jawo gansakuka,
A 1963 aka rufe, dole ne.

Zane kan ceci daji, ku duba Amurka:
Thomas Moran ya zana dajin Yellowstone ne,
Majalisa ta gani, ta keɓe wurin,
A 1872, dokar gandu ce aka sa a zaune.

Yaya Mai Ƙaro:
Baba, ka tuna min da batun ɗiba,
Kofi guda na ƙasa bai yi kaɗan ba.
Kar a haƙa gangaren da saiwa ta riƙe,
Ruwan sama ɗaya, zaizaya ta ɓarke.
Ƙaro kuwa, ɓawo kawai ake ɗayewa da rani,
Wuƙa ta shiga itace, an yi masa rauni.
A jira mako huɗu zuwa shida ya daskare,
Sannan a tsinka da hannu, ba a sare.